Sharhi kan masu ƙera allunan silikon a Abuja: jan ruwan kwana nawa ake saya?

Wata goma ke nan muna sayen allunan gwaji daga wani ƙaramin ɗakin ƙere-ƙere mai zaman kansa a Abuja, kuma a wannan tsakani mun karɓi kaya sau biyar, wanda ina ganin ya ishe ni in faɗi ra'ayina a kan aikinsu ba tare da na zalunce su ko na yi musu kara ba. Ba zan kama sunan wurin ba, domin a cikin bayanina akwai ƙorafi, kuma ƙorafin ya fi shafar yadda ake sayar da irin wannan aiki fiye da mutanen da na yi hulɗa da su. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a Jos, kuma aikinmu shi ne auna ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, waɗanda manoman rani ke shayar da kabeji da karas da su. Abin da muke nema shi ne ɗan allo wanda za a ɗiga masa ruwa a bakin kududdufi, ya zuƙe shi da kansa zuwa cikin siraran magudanai, ya haɗa shi da sinadarin da ke sauya launi, ba tare da fanfo ko sirinji ko wutar lantarki ba. Duk darajar allon a wurinmu ta rataya ne a kan wannan zuƙa da kansa.

Allon bai fi akwatin ashana girma ba. Ana yin sa ne da robar silikon mai haske kamar gilashi wadda ake kira PDMS, kuma wannan ɗaki, kamar yawancin masu wannan sana'a a duniya, yana amfani da Sylgard 184 na kamfanin Dow. Ruwa biyu ne ake haɗawa, kashi 10 na asalin robar da kashi 1 na sinadarin da ke daskarar da ita, a gauraya, a zuƙe kumfar iskar da ta shiga, a zuba a kan mazubin da aka zana magudanan a jikinsa, sannan a gasa. Idan ta daskare sai a ɓare ta, a huda ƙofofin shiga da fita, a manna ta a kan ɗan gilashi domin ya zama murfin magudanan. Wannan hanya ta yaɗu ne daga ɗakin binciken George Whitesides na Jami'ar Harvard a Amurka, musamman daga 1998, kuma sauƙinta ne ya sa har ƙaramin ɗaki a Abuja yake iya yin ta. Faɗin magudananmu maikuromita 100 ne, wato kusan kaurin gashin kai ɗaya.

Matsalar ita ce wannan roba ba ta son ruwa ko kaɗan. Wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza, yadda take dunƙulewa ta ƙi shimfiɗuwa, ya ga irin halin, ko da yake na gwaza ya fi tsanani. Masana suna auna wannan hali da kusurwar da gefen ɗigo yake yi da abin da ya zauna a kai, ma'aunin da asalinsa ke komawa ga masanin kimiyya Thomas Young a 1805. A kan PDMS da ba a taɓa ba kusurwar tana kaiwa digiri 105 zuwa 110. Iyakar da ta dame mu ita ce digiri 90: idan kusurwa ta gaza haka, siririyar magudana tana jan ruwa ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir, idan kuwa ta haura, magudanar tana tunkuɗe shi ne, sai an danna da ƙarfi, kuma ko an danna sai kumfa ta maƙale a lungunan. Maganin da kowa ya sani shi ne filasma, ba ta jini ba, wadda ake samu idan an rage iskar da ke cikin akwati sosai aka sakar mata lantarki har ta kama haske. Filasmar oksijin tana tsinke ƙananan rukunonin sinadari masu ƙin ruwa da ake kira metil, waɗanda ke lulluɓe da fuskar robar, ta bar wasu rukunoni masu son ruwa da ake kira silanol a madadinsu, sai kusurwar ta faɗo ƙasa da digiri 20 cikin ƙasa da minti ɗaya. Waɗannan rukunonin silanol ɗin su ne kuma suke ɗaure robar da gilashi ɗaurin da ba ya kwancewa, muddin an haɗa fuskokin biyu nan take. Saboda haka aiki ɗaya yana ba da amfani biyu, mannewa da jan ruwa, kuma a nan ne ruɗanin da ya ci mana kuɗi ya samo asali, domin mannewar tana dawwama, jan ruwan kuwa na ɗan lokaci ne.

Kayanmu na farko, alluna 30, sun iso a watan Maris. Dole in fara da yabo, domin sun cancance shi. Na duba magudanan a madubin ƙara girma na tarar da gefunansu a miƙe, faɗinsu daidai da zanen da muka aika, ƙofofin kuma an huda su da tsabta ba tare da ɓarɓashin roba ya toshe bakin ba. Na ɗauki allo ɗaya na yi ƙoƙarin ɓare robar daga gilashin da ƙarfi, sai robar ta yage ta bar namanta a manne, wanda shi ne shaidar ingantaccen ɗauri. Cikin alluna 30 babu ko ɗaya da ya yi yoyo da muka tura ruwa mai launi da sirinji. Amma da muka ɗiga ruwa a ƙofar shiga muka jira ya shiga da kansa, sai ɗigon ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙon da ba a yi masa iso ba. A wasu allunan ruwan ya ɗan kutsa milimita biyu ko uku ya tsaya, a sauran kuwa bai motsa ba. A takardar da ta rako kayan an rubuta cewa an yi musu aikin filasma kuma magudanan suna jan ruwa.

Na kira injiniyar da ke kula da aikin, mace ce mai natsuwa, na gaya mata abin da na gani. Tambayarta ta farko ita ce yaushe muka buɗe kayan. Da muka lissafa, an yi aikin filasmar ranar Alhamis da rana, an kai kayan tashar mota a Jabi ranar Juma'a, direban ya iso Jos da yamma bayan mun tashi, ni kuwa ban karɓa ba sai Litinin, na gwada Talata. Kwana biyar ke nan. Ta ce, "Malam, ai da ka gaya mana ba da fanfo za ku yi aiki ba, da ba mu aiko muku haka ba. Yawancin masu saye a wurinmu mannewar kawai suke buƙata." Na ce mata, "Injiniya, gaskiyarki ne ban faɗa ba, amma takardarku ta ce suna jan ruwa, ba ta ce na awa nawa ba." Ta amsa cewa wannan kuskurensu ne, kuma ta yi alkawarin sake mana rabin kayan ba tare da ƙarin kuɗi ba, alkawarin da ta cika.

Abin da ya faru da allunan sananne ne, kuma ba laifin injin kowa ba ne. Idan robar ta daskare, ba dukan sarƙoƙin sinadarinta ne suke shiga ɗaurin ba, akwai gajeru da suke saura a sake a cikinta, kimanin kashi 5 cikin ɗari na nauyinta, suna yawo kamar mai. Filasma fuska kawai take taɓawa, wani ɓawo mai kama da gilashi wanda kaurinsa bai kai dubu ɗaya bisa milimita ba, kuma a ƙarƙashinsa robar tana nan yadda take. Da zarar an fito da allo daga akwati, waɗannan gajerun sarƙoƙi suna fara tasowa sama suna lulluɓe ɓawon, kamar yadda mai yake tasowa saman tunkuza idan an ajiye ta, komai yawan yadda aka kwalfe shi. A lokaci guda rukunonin silanol ɗin suna juyawa su fuskanci ciki, wasu kuma su haɗe da junansu su saki ruwa, su daina amfani. Idan aka tsawaita filasmar fiye da kima ko aka ƙara mata ƙarfi, ɓawon yana yin tauri ya tsattsage, tsagar kuma ta zama hanyar da man zai bi ya fito. Zafi yana hanzarta duk wannan, sanyi yana rage masa gudu. Abin mamaki, wannan halin da muke kuka da shi wasu suna biyan kuɗi domin su same shi: robar silikon da ake lulluɓe mariƙan manyan wayoyin lantarki da ita ana ƙaunarta ne saboda ko tartsatsin wuta da ƙura sun ɓata mata fuska, tana komawa ƙin ruwa da kanta, kuma masu bincike irin su Hillborg da Gedde a Suwidin sun yi nazarin wannan komawa tun a 1998. Ke nan abin da muke yaƙi da shi ɗabi'ar kayan ce, ba lahani ba.

Duk da haka ban sauke wa ɗakin nauyinsa gaba ɗaya ba. Wanda yake sayar da fura da nono ya san ba ya kwana, kuma idan mai saye ya ce tafiya zai yi da shi, yana gaya masa. Sun san kayan Jos za su je, sun san hanyar Keffi da Akwanga da Hawan Kibo tana cin awa huɗu ko fiye, sun san kuma irin zafin da bayan mota yake ɗauka a watan Maris kafin a hau tudu iska ta yi sanyi. An saka allunan a faranti na roba, an naɗe da leda, an sa a kwali, ba ranar aiki ba sa'ar aiki a jiki. A ganina kalmar "mai jan ruwa" a kan takardar kaya irin wannan ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da rana da sa'a da yadda aka ajiye, kuma wannan shi ne babban abin da nake riƙe da shi a kansu.

A watan Afrilu na je Abuja da kaina. Ɗakin ƙarami ne, amma a tsare yake, kuma suna da batura da hasken rana da ke riƙe akwatin gashi idan an ɗauke wuta, abin da yake da muhimmanci ga mai gasa roba na awanni. Injin filasmarsu na kan tebur ne, mai ɗaukar alluna kaɗan a lokaci guda, kuma suna sakar masa oksijin daga tukunya maimakon iskar ɗaki. Na lura cewa injiniyar tana duba ma'aunin matsin iska kafin ta kunna, tana kuma ƙirga daƙiƙu da agogo, ba da ka ba. Muka yanka faifan roba marar magudana gida-gida aka yi masa aikin a gabana, na taho da shi domin in riƙa aunawa. Ba mu da na'urar auna kusurwa, saboda haka na yi abin da talakan ɗakin gwaji yake yi: ɗigon tataccen ruwa na maikurolita 5, wayar hannu a kan mariƙi daidai da gefen faifan, fitila a baya, sannan manhajar ImageJ wadda kyauta ce domin fitar da kusurwar daga hoton. Aunin nan yana iya kaucewa da digiri huɗu ko biyar, amma ya isa ya nuna alkibla. A Abuja, minti biyar bayan aikin, ɗigon ya baje har ban iya ganin gefensa ba. Da na iso Jos da daddare kusurwar ta kai wajen 50, washegari ta haura 70, a kwana na huɗu kuwa ta wuce 90. Guntun da na jefa a kwalbar tataccen ruwa tun a Abuja yana ƙasa da 40 bayan mako ɗaya, wanda na sa a firji da na iso kuma yana tsakanin biyun.

Wannan ne ya sa kaya na biyu suka zo a nutse cikin tataccen ruwa, a gwangwanin roba mai murfi. Dalilin da ya sa dabarar take aiki shi ne ruwan yana riƙe rukunonin silanol suna fuskantar waje, kuma man da ke ciki ba ya sha'awar fitowa inda ruwa yake. Cika magudanan kawai da ruwa a toshe ƙofofin bai isa ba, domin tururin ruwa yana ratsa jikin wannan roba ya fita, magudanan su bushe cikin kwanaki, saboda haka sai an nutsar da allon gaba ɗaya. Sun yi aikin da kyau, allunan kuma sun ja ruwa da muka busar da su muka gwada. Sai dai ga irin aikinmu hanyar tana da cikas uku. Robar da ta daɗe a ruwa tana yin hazo kamar tsinkakken nono, wanda yake dagula karatun launi har sai ta bushe. Da zarar ta bushe kuma agogon komawa ƙin ruwa ya fara bugawa. Sannan ba za a iya zuba busasshen sinadari a cikin magudana tun daga Abuja ba tunda ruwa zai wanke shi. Ga wanda zai yi gwajinsa a kan tebur ranar da ya buɗe gwangwanin, wannan ita ce hanya mafi araha, kuma ɗakin bai ƙara mana ko kwabo a kanta ba.

Akwai hanyoyi biyu da ke kai hari ga man tun daga tushe. Ta farko ita ce tsawaita gashi na kwanaki kafin a yi filasma, domin a rage gajerun sarƙoƙin, dabarar da masu bincike Eddington da Beebe da abokin aikinsu suka nuna amfaninta a 2006. Ɗakin yana yin wannan idan an nema, ya ƙara kwana uku a kan lokacin jira, kuma a aunina ya jinkirta komawar da kwana ɗaya ko biyu, bai hana ta ba. Ta biyu ita ce jiƙa robar a sinadarai masu kumbura ta ɗaya bayan ɗaya domin su tatso man, sannan a busar. Wannan ta fi ƙarfi, amma tana buƙatar rumfar zuƙe hayaƙi da wurin zubar da dagwalo mai guba, kuma sun gaya mini kai tsaye ba su da su, ba za su yi ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da da sun karɓi kuɗi sun yi a ɗaki rufe.

Inda muka dace shi ne shafen PVA, kuma a kansa nake ba su mafi yawan makin da zan ba su. Sinadari ne mai narkewa a ruwa, mai ɗauke da rukunoni masu son ruwa a duk tsawon sarƙarsa, ana samunsa har a wasu magungunan ɗiga wa ido. Masu bincike a Imperial College da ke Landan sun wallafa wata hanya mai sauƙi ta shafa shi a 2017, inda suka nuna fuskar tana riƙe jan ruwanta har kwana 30 a ajiye a iska, kuma kusan wannan hanya ɗakin yake bi. Ana manna robar da gilashi da filasma kamar kullum, sannan nan take, tun fuskar magudanan tana da rai, a tura ruwan PVA mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari a ciki, a bar shi minti goma, a hure ragowar da iska mai matsi, a gasa a kan faranti mai zafin digiri 110 na kwata ɗin awa. Hikimar ita ce ba a dogara da filasmar ta daɗe ba, an yi amfani da ɗan lokacin da take da shi ne a kafa wani abu da ya fi ta daɗewa. Tsarin matakan yana da muhimmanci, domin idan PVA ya taɓa fuskar da za a manna kafin a manna ta, ɗaurin ba zai kama ba, idan kuma aka yi jinkiri bayan mannawa, shafen ba zai samu abin kamawa ba. Kaya na uku, alluna 40 masu wannan shafe, sun zo a bushe, na ware goma ina gwada biyu duk mako. Har mako na huɗu ruwa yana cika magudanar santimita uku cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da kumfa ba. A mako na biyar ya fara ja da baya, amma yana isa ƙarshe. Da waɗannan alluna ne muka fara fita bakin kududdufi a Bukuru muka dawo da sakamako.

Shafen bai rasa nasa lahani ba. A kaya na huɗu, alluna bakwai cikin 40 sun zo da magudana a toshe, duk a wuri ɗaya, inda ta fi ƙunci kusa da mahaɗa, kuma a madubi ana ganin busasshen PVA ya yi yana kamar ta saman kunu. An hure ragowar ne da ƙarancin matsi, ko kuma an bar shi ya fara bushewa kafin a hure. Sun amsa laifin sun maye gurbinsu, amma da sun haska kowane allo a madubi kafin naɗewa da ba su bar Abuja ba, kuma ina ganin duba na ƙarshe shi ne wurin da aikinsu ya fi rauni. Na biyu, shafen yana wankewa a hankali idan ruwa ya daɗe yana gudana a kai, saboda haka allon na amfani sau ɗaya ne, wanda mu bai dame mu ba, amma zai dami mai gwajin da ke ɗaukar yini guda. Na uku, duk wanda zai zuba sinadarin gwaji a magudana mai shafe ya kamata ya fara tabbatar da cewa PVA ba ya taɓa launin da yake karantawa. Misali sananne shi ne ayodin, wanda yake ba da launi idan ya haɗu da PVA, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata wasu gwaje-gwajen ruwa. Ina kuma jan kunnen ɗalibai, domin wani ɗalibinmu ya kusa yin wannan kuskure: farin gam ɗin kafintoci da ake sayarwa a kasuwa shi ma ana rubuta masa haruffan PVA, amma sinadari ne dabam, kuma ba abin da zai yi wa magudana sai toshewa.

Kaya na biyar sun zo a Disamba, cikin hunturu, kuma sun nuna wata matsala da ba ta da alaƙa da jan ruwa kai tsaye. Wannan roba tana jan ƙura kamar maganaɗisu, kuma ƙwayar ƙura ɗaya tsakanin roba da gilashi tana barin da'irar da ba ta manne ba. A alluna huɗu na ga irin wannan da'ira, biyu daga ciki sun taɓa magudana sun yi yoyo. Ɗakin ba shi da rufaffen wuri mai tace iska, da salatif suke goge fuskar kafin filasma, wanda yana isa a damina amma ba ya isa idan ƙurar hunturu ta cika gari. Mai son yin odar kaya masu yawa zai fi dacewa ya yi kafin Nuwamba ko bayan Fabrairu. A ɓangaren naɗi kuwa sun gyara sosai, domin yanzu kowane allo yana zuwa a ledarsa da aka liƙe, da ɗan ƙunshin sinadarin shan danshi, da takarda mai ɗauke da ranar gashi, ranar filasma da sa'arta, da irin shafen da aka yi.

Game da kuɗi, shafen PVA yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku a kan farashin allo, kuma farashin kansa yana hawa da sauka da canjin dala tunda robar daga waje take zuwa, har sau biyu aka sake mana lissafi tsakanin oda da biya. Duk da haka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yin oda daga Turai ko Sin, inda kayan za su shafe makonni a hanya, matsalar komawa ƙin ruwa kuma ta ƙaru. Sun taɓa makara da kwana shida sau ɗaya, sauran lokutan sun cika mako biyun da suka ɗiba. Suna amsa saƙon WhatsApp a ranar, kuma idan an yi tambayar da ta shafi aiki injiniyar ce take amsawa da kanta. Mun yi tunanin sayen ƙaramar na'urar tartsatsi ta hannu, wadda take yin kusan aikin filasma a sararin ɗaki kuma ta fi injin tebur araha sosai, domin mu riƙa mannawa a Jos mu yi amfani nan take. Ga mai gwaji a cikin ɗaki wannan shawara ce mai kyau, in dai yana da tagogi a buɗe saboda iskar ozon da take fitarwa, kuma ya haƙura da cewa aikinta bai kai na akwati daidaito ba. Mu da allunanmu za su kwana a jaka a kan hanyar Barkin Ladi, ba ta raba mu da buƙatar shafe ba.

Wanda zai tura ruwansa da fanfo ko sirinji, kuma mannewa mai ƙarfi da magudanai masu tsabta kawai yake nema, ya saya a wurinsu ba tare da fargaba ba, kada kuma ya biya kuɗin shafe. Wanda zai yi gwajin ɗigon ruwa a cikin mai ma ya fi son magudanar a halinta na ƙin ruwa, saboda haka jiran kwanakin nan riba ce a gare shi. Wanda yake buƙatar ruwa ya shiga da kansa, kamar mu, ya faɗa musu haka a saƙon farko, ya faɗi garin da kayan za su je da kwanakin da za su yi kafin amfani. A odarmu ta shida, wadda na aika makon jiya, na rubuta alluna 60, gashin kwana uku, shafen PVA, duban kowane allo a madubi bayan shafe, a kuma haɗa mini da guntayen faifai biyar marasa magudana waɗanda aka yi musu aiki tare da allunan, domin in ɗiga musu ruwa in auna kafin in ɓata allo ko ɗaya. Na kuma roƙi a kai kayan tasha ranar Litinin da sassafe, a ba direba ya ajiye su a gaba kusa da shi.